Wutar tankokin mai: Darasin haidurokabon da muka bari a ɗakin jarrabawa

A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Man ya malala cikin magudanan ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna ɗiba, can sai wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 ne suka rasu, aka yi wa da yawa daga cikinsu kabari ɗaya. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairun 2025, aka maimaita irin wannan a mahaɗar Dikko da ke jihar Neja, inda sama da mutum 80 suka ƙone. Rahotanni sun ce janaretan da aka tayar domin juye man zuwa wata tankar ne ya haddasa gobarar. Waɗanda suka manyanta kuma ba su manta da Jesse ta jihar Delta ba, inda a 1998 wutar bututun mai ta ci mutum sama da dubu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, bayani ɗaya ake ji: talauci. Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, jarkar fetur ɗaya ta zama kuɗin cefanen kwanaki ga magidanci, kuma wanda ya kwana da yunwa ba ya lissafi irin na wanda ya ƙoshi. Sai dai akwai wani abu da ake tsallakewa. Mafi yawan masu rugawa wurin tankar da ta faɗi sun san fetur na kama wuta, amma a tunaninsu sai wani ya kawo ashana ko taba kusa da man kafin a shiga haɗari. Muddin ba su ga wuta a hannun kowa ba, sai su ɗauka akwai sauran lokaci. Wannan fahimtar ce ke kashe mutane, kuma gyaranta na nan a cikin wani darasi da ake koyarwa a ajin kemistiri na babbar sakandare, mai suna haidurokabon. Ɗalibai na haddace shi don WAEC da NECO, su amayar a takarda, su fito su bar shi a can.

Masana sinadarai sun raba abubuwa gida biyu. Gida na farko su ne sinadaran da aka gina a kan kabon, wato sinadarin nan da ya fi yawa a cikin gawayi. Su ake kira oganik, kuma a cikinsu akwai sukari da man gyaɗa da auduga da leda da fetur da kusan duk abin da ya haɗa naman jikinmu. Gida na biyu, inoganik, ya ƙunshi sauran: ruwa, gishiri, yashi, ƙarfe, ruwan batir. Asalin sunan ya samo ne daga wani tsohon zato na Turawa cewa abin da ke cikin gida na farko sai mai rai ne kaɗai ke iya samar da shi, dabba ko tsiro. A 1828 wani Bajamushe mai suna Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, daga wani gishiri a ɗakin gwaji, ba tare da ƙodar kowa ba. Daga nan zaton ya fara rushewa, amma sunan ya zauna.

Yuriyar nan dai ita ce manomi ke saya a buhu ya zuba wa masara. Abin dariya, malamin gona zai ce masa takin zamani inoganik ne, takin gargajiya kuma oganik, alhali a wurin malamin kemistiri yuriya oganik ce tsantsa, domin akwai kabon a tsakiyarta. Kalma ɗaya ce, ma'ana biyu, kuma 'yan kasuwa na cin moriyar wannan ruɗani: ana liƙa wa man shafawa ko sabulu tambarin "oganik" a ninka kuɗinsa, mai saye ya ɗauka ba shi da illa. A ma'aunin kemistiri fiya-fiya ma oganik ce. Haka nan ba duk abin da ke da kabon ne ke shiga gidan farko ba. Kanwar da ake jefawa a miyar kuka tana da kabon, dutsen da ake haƙowa a Ashaka da Kalambaina don yin siminti yana da shi, iskar da muke fitarwa idan mun yi numfashi ma haka, amma dukkansu a gidan inoganik aka ajiye su. Iyakar ba ta da kaifi sosai, kuma su kansu masanan sun san da haka.

To, a cikin gidan oganik, dangin da suka fi sauƙin gini su ne haidurokabon, domin abu biyu kawai suka ƙunsa: kabon da haidurojin. A ɗauka kowace ƙwayar kabon tana da hannu huɗu, ta haidurojin kuma hannu ɗaya. Idan kabon ɗaya ta riƙe haidurojin huɗu, an samu misen, wadda ake rubutawa CH4. Amma kabon na iya riƙe 'yar'uwarta kabon, ita ma ta riƙe wata, su yi sarƙa kamar carbi, sauran hannuwan kuma haidurojin ta cike. Sarƙa mai kabon uku ita ce furofen, mai huɗu butan, su biyun nan ne ke cikin tukunyar gas ɗin girki. Fetur gauraye ne na sarƙoƙi masu kabon kamar huɗu zuwa goma sha biyu. Kananzir ya ɗara shi tsawo, dizal ya ɗara kananzir, sai baƙin mai, har a kai kwaltar da ake shimfiɗawa a titi. Ledar ruwan da muke sha mu yar ma 'yar gidan ce, sai dai tata sarƙar ta kai dubbai. Ɗanyen man da ake haƙowa a Neja Delta, ko a Agadem ta Nijar, ko wanda ake sa ran samu a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, cakuɗe ne na duk waɗannan. Aikin farko na matata shi ne ta dafa shi, kowanne ya tashi a nasa zafin, a tare shi daban.

Ƙa'idar da ta fi shafar rayuwarmu ita ce wannan: iya gajartar sarƙa, iya saurin zamanta tiriri. Kuma ruwan man ba shi ne ke ci da wuta ba, tiririn da ke tashi daga samansa ne ke ci idan ya gauraya da iska. Kananzir mai kyau ba ya fitar da tiririn da zai isa ya kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 38. Dizal sai ya haura 50. Fetur kuwa yana fitar da isasshen tiriri ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ke nan babu wani dare na hunturu a ƙasar Hausa da sanyinsa zai hana fetur tashi.

Tiririn nan ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi gangare, ya cika kwata da rami da ƙarƙashin mota, ya yi tafiya mai nisa daga inda man ya zube, kuma ido ba ya ganinsa. Ba a buƙatar mai yawa: idan ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, ya isa. Daga nan abin da ya rage tartsatsi ne kawai. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ɗan acaɓa ya tayar da babur, wani ya kunna janareta, ko salansar mota mai zafi ta ratsa wurin. Wutar za ta bi tiririn da gudu ta koma inda man yake, ta haɗa da duk wanda ke tsaye a tsakani, har da ɗan kallon da bai taɓa ko ɗigo ba. Wanda tufafinsa suka jiƙe da mai kuwa ya zama lagwani. Saboda haka ma'aunin da ya kamata kowa ya riƙe mai sauƙi ne: idan hancinka na jin warin fetur da ƙarfi, kana cikin abin da zai iya kamawa. A bar wurin, a nufi inda iska ke fitowa, a hau tudu maimakon gangare.

Akwai kuma batun ruwa. Haidurokabon ba sa gauraya da ruwa, kuma fetur ya fi ruwa rashin nauyi, don haka a samansa yake zama. Wanda ya watsa bokitin ruwa a wutar fetur ya ba ta abin hawa ne, ta bi ruwan ta shiga inda ba ta kai ba. Yashi ko ƙasa ko tukunyar kashe gobara mai hoda ko kumfa ne maganin ƙaramar wuta irin wannan. Matan da ke tuya sun san makamancin haka da man gyaɗa, cewa idan kasko ya kama murfi ake kifa masa.

Wannan ƙa'ida ta tsawon sarƙa ita ce ke bayyana fashewar risho da fitila da ake ji lokaci zuwa lokaci. An ƙera risho ne bisa cewa man da ke cikin tankinsa ba ya tiriri a zafin ɗaki. A 'yan shekarun nan da kananzir ya fi fetur tsada, marar tsoron Allah na samun riba idan ya surka shi da fetur. Kaɗan ya isa ya cika sararin tankin da tiriri, uwargida ta kyasta ashana, abin ya tashi da ita. Ba ta yi sakaci ba, an sayar mata da wani abu ne daban da sunan kananzir. Ga wanda ya san wannan, kananzir mai warin fetur ba abin kai wa gida ba ne, komai arharsa.

Harshenmu ma ya ƙara dagula lamarin, domin abu uku muke kira gas. Direban tirela idan ya ce gas, dizal yake nufi. Uwargida na nufin na tukunyar girki. Yanzu kuma ga na mota da gwamnati ke tallatawa tun bayan cire tallafi, wato CNG. Halayensu sun sha bamban. Na girki, furofen da butan, ruwa ne a cikin tukunya, kuma lita ɗaya idan ta fita tana zama kimanin lita 250 ta iska. Shi ma ya fi iska nauyi, don haka idan ya yi yoyo a ƙasan kicin yake taruwa. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi. Wanda ya ji warin ya rufe kan tukunya, ya buɗe ƙofa da taga, kada ya taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. CNG kuwa misen ce, ta fi iska rashin nauyi, idan ta fita sama take yi, wanda hakan alheri ne. Haɗarinta a matsi yake. Ana cusa ta a tukunya da matsin da ya ninka na tayar ƙaramar mota kusan sau tamanin zuwa ɗari, alhali abin da tukunyar girki ke ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wurin shan CNG a birnin Benin, aka gano tukunyar da aka ɗora mata haɗin mai walda ce. Yayin da ake ta buɗe wuraren juya motoci a Kano da Kaduna, kuma ana jiran bututun Ajaokuta zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wannan bayani ya kamata ya riga tukunyar isa garejin bakanike.

Idan haidurokabon ya ƙone da isasshiyar iska, abin da ke fitowa tururin ruwa ne da iskar kabon dayoksaid. Idan iskar ta yi ƙaranci sai a samu baƙin hayaƙi da kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi son ta a kan iskar oksijin fiye da sau 200. Ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an shigar da janareta cikin gida don gudun ɓarawo, ko an kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe lokacin sanyi. Da safe a ce an ci guba a abinci, ko a fara zargin kishiya ko maƙwabci. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Bahaushe, kuma a nan har zumunci yake ɓatawa bayan ya ɗauki rai.

Wani zai ce ilimi ba ya hana mayunwaci ɗibar mai, kuma akwai masu digiri a cikin waɗanda ke rugawa. Ban musa ba. Akwai wanda ko an zana masa komai zai ce sai ya gwada sa'arsa. Amma taron da ke kewaye tanka ba duka irin wannan ba ne. Akwai yara, akwai 'yan kallo, akwai masu ɗaukar bidiyo da waya, akwai wanda ya zo janye ƙaninsa. Waɗannan ba yunwa ce ta tsayar da su a wurin ba, sun ɗauka tazarar taku ashirin ta wadatar. Ko su kaɗai aka rage, adadin gawarwakin zai ragu sosai. Haka kuma wanda ya tayar da janareta kusa da man da ya malala ma'aikaci ne da ke ganin yana gyara ne.

Wannan ba ya wanke gwamnati. Dalilin da ya sa dubban tankoki ke yawo a kan titunan da suka farfashe shi ne bututan da aka shimfiɗa don kai mai defo-defo sun daɗe da lalacewa, matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ta yi shekaru ba ta tace komai, jirgin ƙasa kuma bai karɓi aikin ba. Hukumar NMDPRA ta hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga 1 ga Maris ɗin 2025, mataki ne mai kyau, sai dai tanka mai lita 45,000 ma idan ta kife a tsakiyar gari ta isa ta yi ɓarnar Majiya. Batun ingancin mai ma na wuyan hukuma. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da mesanol fiye da kima, injina suka lalace, layukan mai suka dawo. Mesanol oganik ne amma ba haidurokabon ba, yana da oksijin a jikinsa, yana jan ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafan injin da ba a ƙera don shi ba. Mai mota ba shi da hanyar gane wannan a bakin famfo. Ɗakin gwaji ne ya kamata ya tare shi tun a tashar jirgin ruwa.

Inda na fi ganin gazawarmu shi ne a yadda ake koyar da abin. Ɗalibi zai iya rubuto maka sunayen sarƙoƙi goma na farko a jere, ya zana su, ya ci maki, amma ka tambaye shi me ya sa fetur ya fi kananzir haɗari ya yi shiru, ko ya ce "ya fi ƙarfi". An ba shi sunaye da Turanci, ba a taɓa haɗa masa su da jarkar da ke bayan ƙofar gidansu ba. A makarantun gwamnati da yawa ɗakin gwajin ma suna ne kawai. Alhali nuna bambancin ba ya buƙatar kayan miliyoyi: malami ya ɗiga fetur da kananzir da dizal a kan takarda a filin makaranta, nesa da wuta, yara su ga wanda ya riga bushewa, sannan a tambaye su ina man ya tafi. Wanda ya ga wannan da idonsa ya fahimci tiriri. Kuma mafi yawan masu mu'amala da mai kullum, 'yan bumburutu da 'yan acaɓa da masu Keke Napep da bakanikai da masu sayar da gas a unguwa, ba su zauna a ajin kemistiri ba, ba kuma za su zauna ba. Da Hausa za a same su, a rediyo, a tasha, a taron ƙungiyarsu, a bakin limami bayan sallar Juma'a. Hukumar wayar da kan jama'a ta NOA da hukumomin kashe gobara na jihohi suna yawan cewa "a guji ɗibar mai", wanda umarni ne kawai. Mutum ya fi riƙe umarnin da aka gaya masa dalilinsa. Mu 'yan jarida ma muna da laifi a nan, mun iya ƙirga gawa da ɗauko saƙon ta'aziyyar gwamna, amma da wuya ka ga rahoton da ya tsaya ya bayyana yadda wutar ta yi tafiya.

Ɗan bumburutun da ke zuƙo fetur da tiyo a baki ya kamata ya ji cewa a cikin man akwai benzin, wani haidurokabon mai siffar zobe da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Yaron da ke shaƙar sholisho, ɗan'uwan benzin ɗin yake shaƙa, mai suna toluwin, wanda ke lalata ƙwaƙwalwa. Sai kuma abin da ya fi faruwa a gidaje: kananzir a cikin gorar lemo ko ta ruwa, a ajiye a ƙasa, yaro mai rarrafe ya ɗauka ya kurɓa. Abin da aka saba yi shi ne a ɗura masa manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Likitoci sun hana wannan, domin kananzir ya fi yin ɓarna a huhu a kan ciki, kuma amai ko ɗure ne ke tura shi can. Ɗan kaɗan idan ya shiga huhu yana bazuwa ya ƙona shi, wani lokaci sai bayan sa'o'i alamun ke bayyana. A cire wa yaron rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki da sabulu, kada a ba shi komai da ƙarfi, a kai shi asibiti ko da ya ci gaba da wasansa, a kuma tafi da gorar don ma'aikatan lafiya su ga abin da ya sha.